Yafiyar Bakin Makara

Ni ne na ce mun yafe. Gara in faɗa tun daga farko, don har yau a Ƙaura akwai masu ɗora wa abokin aikina Fahad, akwai kuma masu cewa liman ne bai ji daidai ba. Duk ba haka ba ne. Bakina ne, kuma da ƙarfi na faɗa, har na sahun baya suka ji.

Sunana Ladan. Shekara goma sha tara na yi a kan injin matsar man gyaɗa na Alhaji Tijjani, can bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Mu goma sha biyu ne ma'aikata, ni ne babba, ƙanena Jabiru kuma shi ne direban motar kamfani. Bel ɗin injin nan ya cinye mini yatsu biyu na hannun hagu, ban taɓa yin ƙorafi ba, domin Alhaji mutum ne. Shi ya yi mini aure, shi ya yi wa Jabiru.

Da 'yan bindiga suka hana mutanen Sakajiki da Ɗan Isa zuwa gona, gyaɗa ta yi wuya, Alhaji ya shiga cin bashi don kada inji ya tsaya. Albashinmu ne ya fara tsayawa. Kowane ƙarshen wata sai ya kira mu ofis, ya kasa haɗa ido da mu, ya ce mu ƙara haƙuri, ya sa a auna mana gero kwano biyar-biyar. Haka muka yi wata takwas. Sai wata Alhamis suka taso daga kasuwar Shinkafi shi da Jabiru, aka tare su a hanya, aka yi daji da su.

Iyalinsa suka sayar da gidan Gusau da motoci da duk abin da zai sayu, suka kai kuɗin fansa. 'Yan bindigar suka karɓe, sannan suka harbe shi a ƙirji, wai ciwon sukari ya hana shi tafiya kuma ba za su ɗauki tsoho a babur ba. A bakin titi aka tsinci gawarsa. Jabiru kuwa suka ce shi nasa farashin daban ne, miliyan biyu. Na sayar da gonarmu ta gado da babur ɗina da akuyoyin Laila matar Jabiru, na haɗa miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Abin da ya rage, albashina da na Jabiru na wata takwas zai cike shi daidai. A kan wannan na dogara.

Ranar Asabar aka yi jana'izar Alhaji. Rabin garin ya fito. An ajiye makara a gaban liman, jini ya ɗan ratso likkafanin ta wajen ƙirji, ƙudaje suna bi. Kafin a yi kabbara liman ya juyo ya yi tambayar da ake yi a kan kowace gawa.

"Jama'a, wa ka bin wanga bawan Allah bashi? Shi hwaɗi yanzu, kada mu rufe shi da nauyi bisa kai nai."

To, a garinmu kowa ya san yadda ake amsa wannan tambaya. Idan kana bin mamaci, kuma ka ci arzikinsa yana raye, ba ka tona masa asiri a gaban makara. Cewa kake ka yafe, a yi masa salla da sauƙi, bayan sadakar uku kuma iyalinsa su aiko maka da haƙƙinka a ɓoye, su ma su fita kunya. Haka aka yi wa ubana, haka na ga ana yi tun ina yaro. Ban taɓa ganin gidan da aka ce an yafe suka riƙe da gaske ba.

Sai na ga Mubarak, dillalin gyaɗa na Shinkafi, ya miƙe ya ce yana bin buhu ɗari huɗu. Wani ya miƙe ya faɗi nasa, wani ma ya miƙe. Har mutum shida, manyan 'yan kasuwa masu manyan riguna, suna lissafa wa gawa bashi kamar a rumfar kasuwa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na dubi Nuraddeen, ɗan Alhaji na fari, ya sunkuyar da kai. Liman ya ce, "Ma'aikata nai fa? An ce akwai albashi."

Duk ido ya dawo kaina. Na so in nuna wa masu manyan rigunan nan cewa talaka ya fi su sanin ya kamata.

Na ce, "Mu ma'aikata mun yafe. Duniya da lahira."

Aka yi ta sa mini albarka. Ni kuwa har wani daɗi na ji, wawan banza. Abin da waɗancan shida suka sani ni ban sani ba shi ne, babu sauran abin da za a aiko wa kowa a ɓoye. Kamfanin ya karye tun kafin a sace Alhaji. Abin da ya rage daga inji sai duro talatin na man gyaɗa a sito, bashin kuwa ya ninka su sau huɗu.

Washegari da hantsi wayata ta yi ƙara. Ƙarar hon ɗin babbar mota ce, Jabiru ne ya sa mini ita, wai inji ya kashe mini kunne ba na jin ƙaramin sauti. Kullum da sabuwar lamba suke kira, ni ba ni da hanyar kiransu. Kafin kowa ya yi magana sai da suka bar ni na saurari duka. Ina jin saukar gora a jikin mutum, ina jin Jabiru yana kiran sunan Allah, har muryarsa ta dushe.

Mai maganarsu ya ce, "Ka jiya? Ranar Alhamis muka so, kahin la'asar. In ba su cika ba, ka zo da makara."

Suka kara wa Jabiru wayar. Da ƙyar yake numfashi. Ya ce, "Yaya, sun karya min hannu. Ka amso albashinmu wurin Nuraddeen, ai ya isa." Na ce masa ya isa, ya kwantar da hankalinsa.

Ranar Litinin, bayan an shafa addu'ar uku, na sami Nuraddeen a zauren gidansu. Yaron kirki ne, ban taɓa riƙe shi a raina ba. Ya ce dama ya ware duro goma na ma'aikata, a sayar a biya mu. Ashe Mubarak yana zaune a gefe yana ji. Ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

"Waɗanne ma'aikata? Waɗanda sunka yahe gaban mutum dubu? Nuraddeen, in ka taɓa duro guda, kotu za ta raba mu. Man nan na masu bin bashi na, su ko ba su bin komi."

Na ce, "Haba Mubarak, kai ma ka san yadda aka yin wagga magana. Kara ce."

Ya ce, "Ni ban san kara ba cikin shari'a. Liman ya jiya, gari ya jiya. Ko kana nuhin ƙarya ka yi bisa gawa?"

Nuraddeen bai ja da shi ba, domin ubansa ya mutu da buhu ɗari huɗu na mutumin nan a wuyansa.

Labari ya riga ni isa bakin kamfani. Na tarar da sauran goman suna jirana a ƙarƙashin dalbejiya. Fahad, wanda ni na koya masa ɗaura bel, matarsa tana da cikin wata tara, shi ya fara shaƙe mini wuyan riga.

"Wa ya aike ka? Wa yac ce ka yi magana da bakinmu?"

Ya kai mini naushi a baki, na ji haƙori ya motsa. Wani ya kwashe ƙafata na faɗi, suka rufe ni da shuri, a ciki, a baya, a haƙarƙari. Ban rama ba, ban ma kare fuskata ba. Da suka gaji suka tsaya suna haki, Fahad ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka. Ni na lallaɓa na tashi, na tofar da jini, na tafi gida.

Ranar Talata na je wurin Hadiza, 'yar liman, wadda take aikin magatakarda a kotu. Ta dubi kumburarriyar fuskata ba ta tambaye ni komai ba, ta riga ta ji. Ta sa na zauna, ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce kamfanin Alhaji mai rajista ne, kuma idan irinsa ya karye, albashin ma'aikata yana gaba da bashin 'yan kasuwa irin su Mubarak. Ta ce ko a littattafan babanta, babu mai yafe haƙƙin wani ba da yawunsa ba.

"Kai kaɗai yahiyarka ta hau, Malam Ladan, in ma ta hau. Goman nan suna nan da haƙƙinsu. Jabiru ko yana daji sa'adda kac ce haka, bai yahe ko kwabo ba."

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na ce, "To a ba ni nashi yau."

Ta girgiza kai. Ta ce sai an shigar da ƙara, a ƙirga kaya, a kira masu bin bashi, a yi gwanjo. Idan an yi sauri, mako shida. Abin da za ta iya kawai shi ne ta nemi alƙali ya hana a taɓa sito, shi ma sai Litinin.

Na ce, "Hadiza, jibi aka kashe shi."

Sai ta ce in bari ta yi magana da babanta ko za a yi karo-karo a masallaci, kuma don Allah kada in je kusa da sito. Na ce to. Amma garin da kowane gida yake da nasa a daji, karo-karon nawa zai tara a kwana biyu?

Ranar Laraba da hantsi aka zo aka gaya mini Mubarak ya shigo da babbar mota yana kwashe man. Shi ma ya ji zancen Litinin ɗin, yana so ya riga alƙali. Na ari kura a wurin masu ga-ruwa, na soke babbar sufanar inji a ƙugu, na tura na nufi kamfani. Duro biyu nake so, ba ƙari. Biyu sun isa su fito da Jabiru.

Na tarar sun fasa kwaɗon sito, sun jingina katakai a bayan mota suna gangara durorin roba zuwa sama. Ƙarti shida ya ɗauko daga tasha, masu gora da adda. Su Fahad suna tsaye a nesa suna kallo. Na tura kurata har bakin sito, na kama duro ɗaya na fara mirginawa.

Mubarak ya ce, "Kai, ina za ka da shi?"

Na ce, "Wanga na Jabiru na. Shi bai yahe ba."

Ya yi wa ɗaya daga cikin ƙartin inkiya. Gorar ta sauka a gadon bayana, a daidai inda aka shure ni shekaranjiya, na durƙusa. Na sake miƙewa na kama duron. Na biyu ya kawo mini sara, na goce, addar ta shige cikin robar har rabi. Mai ya yi tsartuwa, ya wanke mini fuska, ya malale a siminti. Ina tsaye ina kallon rabin kuɗin ƙanena yana bin lambatu.

Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai na ji ihun Fahad a bayana. Mutanen da suka lakaɗa mini duka ranar Litinin su ne suka shigo da shebur da sandunan ƙarfe. Wuri ya kaure. Ba mai iya tsayuwa da kyau saboda santsi, mutum ya kai duka ya zame, na ƙasa ya ja na sama, ana birgima cikin mai da jini. Na ga an sari Fahad a dantse har fari ya bayyana. Na ga wani ƙato ya faɗo daga kan katako, duro cike ya biyo shi ya danne masa ƙafa, na ji ƙarar ƙashin duk da mutuwar kunnena. Wani ya cije ni a kafaɗa kamar kare.

Mubarak ya ruga zai shiga gaban mota. Na bi shi da rarrafe, na kamo babbar rigarsa, ya juyo yana cewa in tsaya mu yi magana. Da ya faɗi haka ranar Litinin, da ba mu zo nan ba. Na zaro sufana na buga masa a goshi. Fatar ta dare, jini ya rufe masa ido, ya zube. Na ɗaga zan ƙara, Allah Ya sa hannuna mai yatsu uku ne ya riƙe ta, ga mai, ta suɓuce ta faɗa lambatu. Ba don haka ba da yanzu ni mai kisan kai ne.

'Yan sanda suka iso suka harba bindiga sama. Aka kwashi masu rauni zuwa asibiti, ni da wasu huɗu aka kai mu caji ofis. A teburin kanta aka karɓe mini hula da carbi da waya, aka zuba a aljihun tebur. Na yi ta roƙo, na gaya musu zancen Jabiru, suka ce sai babbansu ya dawo daga Gusau, domin ba a san ko Mubarak zai tashi ba. Kuɗin da na haɗa suna gida a ƙarƙashin katifar Laila, ita kuwa ba ta san wanda za ta kai wa ba.

Ranar Alhamis da hantsi na ji hon ɗin babbar mota daga cikin aljihun tebur. Tsakanina da shi bai fi taku biyar ba, sai dai akwai ƙarfe a tsakani. Na yi ihu, na girgiza ƙofar har tafin hannuna ya tsage. Ta yi ta ƙara har ta gaji ta yanke. Ta sake yi da azahar. Ta sake yi bayan an idar da salla. Waɗanda ke cikin ɗakin tare da ni suka juya fuska bango.

Gab da la'asar ta sake ɗauka. Wani tsohon kofur da ya karɓi aiki a lokacin ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya jawo aljihun ya miƙo mini wayar ta tsakanin ƙarafa. Allah Ya saka masa da alheri, ya yi don taimako ne.

"Tun hantsi muna kira. Ka maishe mu abin wasa ko?"

Na ce, "Wallahi a'a. Ina da miliyan ɗaya da ɗari biyu a hannu, ku amsa, ku ƙara min kwana bakwai in cika sauran."

Bai kashe wayar ba. Na rantse har na fara jin zai yarda. A daidai lokacin na'urar oba-oba da ke kan kanta ta farka, wata murya ta shiga kiran lambobi da ƙarfi. Kofur ya yi wuf ya rufe ta da hannu, amma an riga an ji.

"Au, wurin 'yan sanda ka tahi."

"Kama ni anka yi! Ka saurara in hwaɗa maka!"

Bai saurara ba. Na ji ana jan wani abu a ƙasa, sai muryar Jabiru, ƙarama, kusa da wayar.

"Yaya, ba su ba ka ba?"

Ban samu na amsa masa ba. Harbi uku ne. Bayan na ukun aka kashe wayar.

Mubarak bai mutu ba, ɗinki goma sha ɗaya aka yi masa, ranar Juma'a liman ya tsaya mini aka ba da belina. A ranar ce masu itace suka tsinci Jabiru a gefen hanyar Zurmi, hannunsa na dama a karye an ɗaure shi da tsumman rigarsa. Ni na yi masa wanka. Duk abin da Hadiza ta faɗa kuwa ya tabbata. Bayan mako bakwai kotu ta sayar da inji da ragowar man, ta fara biyan ma'aikata kafin kowa, Laila ta karɓi albashin mijinta tana cikin takaba. Ni ban nemi nawa ba, na riga na yafe a gaban mutum dubu.

Ranar Asabar, kwana bakwai cif da jana'izar Alhaji, muka ajiye makarar Jabiru a fili ɗaya, a gaban liman ɗaya. Jama'ar ba ta kai ta wancan karon ba. Fahad ya zo da hannu a rataye, Nuraddeen yana sahun gaba, har Mubarak ya zo da farin bandeji a goshi, ya tsaya can gefe. Liman ya juyo.

"Jama'a, wa ka bin wanga bawan Allah bashi? Ko akwai wanda shi ka bi?"

Wani mai shago ya ce ya yafe kuɗin sabulu. Wani ya ce ya yafe na fetur. Liman ya ɗaga hannu zai yi kabbara.

Na ce, "Malam, dakata. Yana bin kamfanin Alhaji Tijjani albashin wata takwas."

Nuraddeen ya rufe fuska da hannu. Liman ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Ladan, ka yi haƙuri, ba nan aka yin wagga magana ba. Ka bari a rufe shi."

Na ce, "Nan anka yi waccan, Malam. A shaida, shi bai yahe ba."

Liman ya dubi makarar. Sannan ya juya ga jama'a ya maimaita abin da na faɗa da ƙarfi, har na sahun baya suka ji, kafin ya yi kabbara.